Ki Cire Labulen Ɗakin Baba

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Auta da karatu? Ni lafiyata ƙalau. An rage mana kwanakin aiki a gidan wankin, amma dama ina bukatar hutu.

Yaya ya gaya mini harajin da aka yanka wa gidanmu. Ya ce ranar da jami'in haraji ya zo dubawa, kin aro kujerun maƙwabta, kin rataya labule a kan tsagewar bangon ɗakin marigayi Baba, kin ɓoye bokitan tarar yoyo. Bawan Allah ya ga gidan masu hali, ya rubuta abin da ya gani. Haba Inna, ai ba neman aure ya zo ba!

Yaya ya shigar da ƙorafi, sun ce za su sake turo wani. Daga wannan babu wata dama. In ba su rage ba, ba ni da abin biya, kuma gidan za su sa a kasuwa.

Don girman Allah, ranar ki cire labulen, ki bar bokitan inda suke. Na san tun rasuwar Baba kike rufa mana asiri, kuma wannan zai yi miki ciwo.

Kin tambayi dalilin da na daina aiko hoton ɗakina. Ki cire naki labulen, Inna. Nawa ki bar mini shi tukuna.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki