Wainar Japanawa da Ban Ci Tare da Ku Ba

Zuwa ga Baba Alhaji Idi,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ku yadda na saba, a durƙushe, kaina a ƙasa. Allah ya kai haske kabarinku. Na san ba za ku karanta wannan ba. Da za ku karanta ma, da ban rubuta ba, kun san halina. Shekara ashirin da ɗoriya ina auren ɗiyarku, ban taɓa yin doguwar magana a gabanku ba. Yau da babu idonku sai ga bakina ya buɗe.

Gida lafiya lau. Rakiya tana nan tana aikinta a gidan tsofaffi, gwiwa ce kawai ta fara yi mata gardama. Har yanzu muna unguwar Minguettes a gefen Lyon, a benen nan da kuke cewa ya fi kusa da sama a kan ƙasa, kuma lif ɗinsa bai daina mutuwa ranar da aka yi cefane ba. Ni ina nan a sito ina ɗaga kayan mutane. Kwanaki na je Paris, na biya unguwarku ta Montreuil na gaida abokanku. Wani mutumin Mali ne a ɗakinku yanzu. Ya ba ni shayi, na karɓa, amma na kasa zama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar Ummi, jikarku mai sunan mahaifiyarku. An zo neman aurenta. Sunan yaron Kabiru, iyayensa mutanen Kano ne, suna zaune a Rillieux nan kusa da mu, shi kuma nan aka haife shi, yana aiki a kantin magani. Yayana a Damagaram shi ne waliyyi, amma jira yake in ce masa e ko a'a. Ummi ma jira take, ta daina cin abinci sosai. Ni kuwa na riƙe amsar a baki, kuma ku ne sanadi, ko da yake ba ku sani ba.

Kun tuna zuwanku Lyon na ƙarshe, lokacin da maƙogwaro ya matsa muku? Ɗan gidanmu bai isa a yi surukuta a cikinsa ba, amma mun yi. In kuna falo ina kicin. In an kawo muku tuwo, sai in tuna ina da aiki a ƙasa. Sau nawa na ci burodi a cikin mota ina jiran ku wanke hannu? Ban taɓa jin nauyin haka ba, wallahi. Haka na ga ubana ya yi wa surukinsa, haka na san ku ma kun yi wa naku. Har alfahari nake a raina cewa Faransa ta canza mini tufafi da harshe, amma ba ta taɓa mini wannan ba.

Ranar ganin likita Rakiya ta kasa samun hutu, dole ni na raka ku. Da aka kira sunanku na tsaya a waje, don ba zan shiga in ga ana cire muku riga ba. Kuka daɗe a ciki. Da kuka fito na ce yaya jiki, kuka ce da sauƙi, ni ma na ce Allah ya ƙara sauƙi. Iyakar binciken da na yi ke nan.

A hanyarmu ta zuwa metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ana yayyafi, sai kuka tsaya cak a gaban wani ɗan shagon abinci na Japanawa. Shago ne siriri, da jan ƙyalle a ƙofa, ɗalibai sun yi layi har waje. Bayan gilashi wata mata ta ɗaure goshi tana juya wasu ƴan dunƙule-dunƙule a kaskon ƙarfe mai ramuka, da tsinke biyu irin na tsire, hannunta kamar ba nata ba don sauri. Kuka kalle ta, kuka kalle ta, sannan kuka ce ai wannan tanda ce. Kuka ce haka mahaifiyarku take juya waina a ƙofar gida a Birni, kuna yaro kuna jiran wadda ta ƙone a ba ku. Ban taɓa jin kun ambaci yarintarku ba sai ranar. Ni a zatona da hula da carbi aka haife ku.

Kuka shiga, na bi ku don dole. Da Faransancinku na kasuwa kuka titsiye matar nan da tambaya, ko da naman alade a ciki. Ta ce babu, wata dabbar teku ce mai hannuwa takwas ake yankawa a saka a ƙullun. Kuka ce abin da ya fito daga teku halal ne ko hannu ɗari gare shi. Ta ce miyar da ake shafawa a kai ce ke da ɗan giya, kuka ce ta bar miyarta ta barbaɗa gishiri. Sannan kuka ɗaga yatsa biyu. Na ga yatsun nan, Baba, na gane har da ni kuka saya wa.

Babu teburi a wurin. Katako ne dogo manne da bango, da kujeru masu tsawo a jere, kowa ya ba kowa gefe yana fuskantar bango. Kuka nuna mini da haɓa, kuka ce masu wurin nan sun san kunya, ba mai kallon bakin wani, in kalli bangona ku kalli naku. Kuka jawo kujerar da ke kusa da taku, kuka buga mata tafin hannu. Kuma kuka kira ni Lawali. Tun da na shigo gidanku Malam kuke ce mini.

Me na yi? Na ce na ƙoshi. Tun safe ko ruwa ban sha ba, amma na ce na ƙoshi, na ƙara da cewa ana nemana a wurin aiki. Na fita na tsaya ƙarƙashin rumfar shagon, waya a kunne, babu kowa a cikinta. Ta gefen ido nake hango ku. An ajiye muku ƴan akusan takarda biyu masu kama da kwalekwale, ɗaya gabanku, ɗaya gaban kujerar da ba kowa. Kuka daɗe kuna hura wainar farko. Kuka ci biyu da kyar, ina ganin yadda kuke miƙe wuya kafin ta wuce. Daga nan kuka ajiye tsinken, kuka zauna kuna kallon bango, yara suna ta dariya a gefenku. Da kuka fito an naɗe muku nawa a leda, kuka ce a kai wa yara. A metro kuka yi ta ba ni labarin yadda aika kaya ta Kwatano ya yi wuya, ina ta cewa haka ne, haka ne.

Sai bayan kun koma Paris kun kwanta Rakiya ta gaya mini abin da likita ya faɗa muku a ranar. Ya ce ciwon ya yi nisa, abin da ya rage lallaɓawa ne. Wato da wannan kuka fito daga ɗakin nan, kuka yi tafiya a gefena cikin yayyafi. Ba ku da ɗa namiji a ƙasar nan. Ni kaɗai ne a kusa, ni ɗin kuma ina can waje ina hira da wayar banza. Me kuka so ku gaya mini, Baba? Wasiyya ce? Maganar Rakiya ce? Ko babu wata magana, so kuke kawai a ce akwai mutum a kujerar? Na je asibiti a Paris na gaishe ku, amma a lokacin murya ta tafi, ɗakin kuma cike yake da mutane. Na durƙusa na ce sannu, kuka ɗaga mini hannu. Ni na raka gawarku filin jirgi.

Tun daga nan nake canza titi in hanya ta bi da ni ta gaban shagon. Amma na yi wa kaina alkawari, duk wanda zai auri ɗiyata ba zan bar shi ya tsaya a waje ba. Shi ya sa da maganar Kabiru ta taso na ce ya same ni a can ranar Asabar. Kada in yi muku ƙarya, rabin zuciyata so take ya ƙi. Na ma shirya abin da zan ce in ya ƙi, na yi ta maimaitawa a jirgin tiram kamar mai hadda. Zan lallashe shi, in ce masa ba komai, in jawo masa kujera yadda kuka jawo mini.

Baba, ban samu damar jawo komai ba. Kafin in iso yaron nan ya kama mana wuri. Ya gaishe ni a tsaye, ya kira ni Tonton, wato Kawu da Faransanci, ya miƙo mini hannu har yana girgiza nawa. Ashe wurin cinsu ne tun suna makaranta, matar ma ta san shi. Shi ya zaɓa mini abin da zan ci. Ya ce sunan wainar takoyaki, ya sa na faɗa, na faɗa ba daidai ba, ya gyara mini. Bangon da kuka yaba ko kallonsa bai yi ba, juyo da kujerarsa ya yi yana fuskantata, yana ci yana magana, yana ba ni labarin hayar gidan da ya samu. Na jefa guda a baki gaba ɗayanta don in nuna ni ma ba baƙo ba ne, ashe cikinta wuta ce. Na ƙone har hawaye. Sai ya sa tsinkensa a cikin akushina, nawa fa, ya huda mini sauran ɗaya bayan ɗaya don su sha iska, kamar yana ba ƙaninsa abinci.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Ga abin da na shekara ina cewa ina so, an ba ni har da ƙari, ni kuma ina zaune ina tafasa. Ina ta ce wa kaina wannan wane irin ɗa ne, wa ya rene shi, ko kunyar ido babu. A nan, da harshena a ƙone, na fara gane irin kunyar da kuka danne kafin ku buga tafi a kujerar nan. Ni da na shirya, na zo da niyya, na kasa jure a ci abinci a gabana. Ku kuwa da kuka girme ni a wannan al'ada, da bakinku kuka roƙa. Wane irin kaɗaici ne ya kai ku can?

Na dawo gida ina faɗa tun daga ƙofa. Na ce wa Rakiya yaron nan ba shi da kunya, sai an sake tunani. Ta bar ni na gama, ta yi dariya har da riƙe gwiwa. Da dariyar ta lafa sai ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Ta ce ranar da muka dawo da ledar nan kun kira ta, kun ce ta gode wa Allah, mijinta ɗan mutunci ne, kun yi, kun yi ya ci abinci da ku ya ƙi. Ta ce kun faɗa har sau biyu. Daga nan kuka juya fuska wajen taga.

Yabo ne wannan, Baba? Na juya shi ta ko'ina. Na san da gaske kuke, don ba ku iya faɗin abin da ba shi ne a ranku ba. Na kuma san ɗan mutuncin nan ya bar ku kun ci abinci ku kaɗai a ranar da aka gaya muku za ku mutu. Da ma a ce marar kunya kuka samu. Da ya zauna, ya cika ku da surutu, ya sa tsinke a akushinku.

Da na kai nan a rubutun na ajiye alƙalami, na kira yayana na ce masa e. Ummi tana kicin tana kuka tana dariya, ta cinye ragowar shinkafar jiya a tsaye. Har yanzu yaron yana ba ni haushi, kuma na san zai ci gaba da ba ni. Amma wata rana ni ma zan fito daga ɗakin likita da abin da ba zan iya gaya wa ɗiyata ba, kuma ina so wanda ya rako ni ya zama mai zama.

Ku yafe mini, Baba. Yunwa nake ji ranar, kuma ina son ku, ban san yadda ake faɗa wa suruki ko ɗaya daga ciki ba. Allah ya jiƙan ku, ya haɗa ku da mahaifiyarku, ya sa in namu ya zo mu cika da imani.

Na bar ku lafiya.

Surukinku da ya ce ya ƙoshi,
Lawali
Vénissieux