Layi na Uku a Shuɗin Littafi

Talata. Aikin farko: kai wasiƙar Yaya tasha kafin bakwai.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Ki yi haƙuri da takarda, har yanzu in waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi.

Kin tambayi batun asibiti. Ranar farko na ga likitar, mace mai sanyin murya. Ta ce zama na gaba za mu fara tuna ranar gobarar, kaɗan-kaɗan. Tun daga nan na koma sau uku, ban shiga ba. Akwai benci a baranda, nan nake zama har a kira lambata, sai in tashi in koma maɗaba'a in ci gaba da ɗinke littattafan mutane.

Wata goma sha huɗu ina danne wannan ranar. Tsorona shi ne in buɗe ta a ofishin likita, awa ta cika, ta ce sai wani mako, ni kuma in dawo da warin hayaƙin zuwa ɗakin da babu kowa. Ko dai ragwanta ce? Ban sani ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, yara sun ishe ni da tambayar kawunsu.

Kai da benci, Allah ya bar zumunci! Har lamba kake karɓa don ka gaishe shi? Ni na goye ka, na san shirunka. Ba hayaƙi kaɗai ke hana ka shiga ba. Faɗa mini sauran.

Allah ya tsare.
Yayarka.

Yaya,

Bayan gaisuwa. Sau huɗu na fara wannan takarda ina yagewa.

Kin san ba na kwana sai na jera ayyukan gobe. Shuɗin littafina na bara bai ƙone ba, yana aljihuna a wurin aiki lokacin da aka kira ni. A shafin ranar akwai abu biyar, huɗu na ja musu layi. Na ukun ne ban ja ba: “Kira mai gyaran wuta, soket ɗin kicin.” Kwana tara ina kwafe shi daga shafi zuwa shafi, da rubutu mai kyau, matata kuma tana girki a gefensa.

Ban taɓa gaya wa kowa ba. In likita ta ce in fara daga safiyar ranar, nan zan fara.

Ki gafarce ni.
Ƙaninki.

Auta,

Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Na san da soket ɗin. Matarka, Allah ya jiƙanta, ta gaya mini a waya kwana biyu kafin abin, tana dariya. Ta ce, “Yaya, ƙaninki ya ɗauka in ya rubuta mai gyara, mai gyaran zai ji a jikinsa.” Ta ce za ta kira shi da kanta. Ni na ce ta bari sai Asabar, kada ka ji an raina jerinka.

Ka ga ashe mu biyu ne a bencin, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Ko soket ne, ko ba shi ba ne, masu kashe gobara ma ba su tabbatar ba. Ba zan iya sauke maka ba, nawa ma ban sauke ba. Amma kai da kake ɗinke littafi shafi-shafi, wa ya ce sai ka karanta shi duka rana ɗaya?

Zan hau motar Litinin.
Yayarka.

Yaya,

Na gode. Na share ɗakin. Ban yi alkawarin zan iya magana ba.

Ayyukan gobe:
1. Aro katifa wurin maƙwabci.
2. Tarbo Yaya a tasha, kada ta ɗauki kaya da ƙafar nan.
3. Sa shuɗin littafi a aljihu.
4. Karɓo mana lamba guda biyu a asibiti.