Ni na taɓa akwatin rudun Kawu, wani aka ɗora wa

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan fili. Don Allah a ɓoye sunana, sunan da zan ambata ma na canza shi. Ku daure ku kai ƙarshe kafin ku ce komai a kaina, don duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina a kan sallaya.

Ni matar aure ce a Jega, 'ya'yana biyu, iyakar karatuna sakandare. Maigidana yana koyar da kwamfuta a Aliero. Shi da abokinsa tun na firamare, mutumin Maiyama, zan kira shi Bello, suka haɗa wani ɗan akwati da bai fi kwalin sukari ba, ana cusa shi cikin rudu, inda manoma ke jibge albasa har ta yi daraja. Yana auna zafi da danshi, in albasa ta fara gumi sai ya aika saƙo a waya a zo a juya ta a tsince mai ruɓa. Maigidana ne ya haɗa uwar manhajar, wadda suke ce wa kanel, Bello ya rubuta manhajar awon. Ni kuwa nawa aikin kwafe komai a kan ƙananan katin memori da kwamfutar gida, wai hannuna ya fi nasu natsuwa.

Wata rana ina tankaɗe maigidana ya tsaya yi mani bayani. Ya ce ƙwaƙwalwar babbar kwamfuta tana da wani sashe da ke yanka wa kowace manhaja wurinta ya sa mata ƙofa, kamar shaguna. Wadda ta kutsa shagon wata, ita kaɗai za a kama a kora. Ta akwatinsu mai araha ce, ba ta da wannan sashen, sai da aka rage kanel ɗin aka yi masa kwaskwarima kafin ya zauna a kanta. "Nan masu kasa kaya a ƙasa ne, tabarma jikin tabarma. In manjan wannan ya kife, garin na kusa da shi ya sha, kuma ba mai nuna maki mai shi." Na ce to su ƙara fili mana. Ya yi dariya ya ce filin ke nan kaf.

Akwai irin akwatin guda a ɗakina da ya sa wa 'yar manhaja saboda ni, tana ƙara in lokacin salla ya yi. Kawuna, yayan mahaifiyata da ya riƙe ni bayan rasuwar babana, manomin albasa ne a Sarandosa. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya duba inuwa, rudunsa kuma nesa da gari, ba a jin ladan. Ya zo gaishe mu, abin ya yi ƙara.

"Wanga abu shi ka faɗin lokacin salla?"

Na ce, "Awo, shi ne, Kawu."

"To ku sa min ga wanda za ku kai min rudu. Kullum sai in iske la'asar ta yi nisa."

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri Kawu, ba wuri. In an ƙara komi yana iya taka na Bello."

Kawu ya ce ba komi, Allah shi yi albarka. Amma na ga yadda ya lallaɓi ƙasa yana neman takalminsa, zuciyata ta karye.

Ranar da nake kwafe katuna shida na akwatuna shida, sai na ce a raina, ɗan abin sallar nan me zai ci? Shekara guda yana ɗakina, ya taɓa ɓata wani abu? Ban tsaya na tuna cewa na ɗakina shi kaɗai ne a akwatinsa ba. Na ɗauke shi na jefa a katin Kawu, cikin jakar da duk abin da ke ciki yake tashi da kansa in an kunna. Har bismilla na yi. Wallahi lada na ɗauka ina nema.

Bayan kamar wata guda matar Kawu ta raɗa mani a wurin suna cewa Kawu ya gode, abin ya yi ta kiransa salla kwana tara, daga nan ya yi shiru. Na ce wa kaina wataƙila kiran ne kawai ya tsaya. Ashe awon ma ya tsaya. Zafi ya tsananta, aka yi wani yayyafi, ba saƙon da ya fita. Kawu da yake buɗe rudunsa duk bayan kwana uku ya daina, tunda surukinsa ya ce akwati zai faɗa. Wari ne ya sanar da shi. Fiye da rabin albasar shekara ta zama ruwa. Sauran akwatuna biyar lafiya lau.

Ga abin da ya fi ci mani rai. Ranar da aka dawo da akwatin, maigidana ya ajiye shi a tebur ya tafi azahar. Kafin ya dawo na zare katin na goge abin da na sa, na mayar. Na farko zan iya cewa tausayi ne. Wannan fa, me zan kira shi?

Ya yi mako yana gwaji bai ga komai ba, sai ya fara haɗa zance. Me ya sa na surukinsa kaɗai ya mutu? Wa ya kai shi Sarandosa a babur? Bello. Wa aka gani sau biyu a tasha tare da wani dillalin albasa da ke son a yi masa irin akwatin shi kaɗai? Bello. Mutumin da kullum tun daga ƙofa yake cewa, "Matarmu, yau ma furar rowa za a dama?" ran nan a zaure ya tsaya. Ina bayan ƙyaure da kwanon fura ina jin su.

Maigidana ya ce, "Daga hannunka sai rudu."

Bello ya ce, "Kanel ɗinka ne bai iya rabon wuri ba, ka ɗora min?"

"Nawa iri guda ne a duka shida."

"Nawa ma iri guda ne."

"To wa ya taɓa?"

Na koma ciki da furar.

Yanzu manoman Aliero sun ce ba sa son hannun Bello a rudunsu. Matarsa, ƙawata, ta zo tana kuka a ɗakina, ni ce na shafa bayanta ina cewa gaskiya za ta yi halinta. Da wannan bakin nawa.

Kuma na fara zargin maigidana ya sani. Shekaranjiya ya tambaye ni, "Ranar da kika kwafi katin Kawu, wuta ba ta ɗauke ba?" Na ce a'a. Ya dube ni ya ce to. Akwatin ɗakina ya tafi da shi wurin aiki bai ce mani komai ba. Jiya muna cin tuwo ya ce, kamar da bango yake, abin da aka goge a kati ba ya tafiya duka, mai haƙuri yana iya tono shi. Da ni yake? Ko har yanzu Bello yake nufi? Ko matar Kawu ta yi zancen kiran sallar a inda ya ji? Shi Kawu na san bai faɗa ba, ya ɗauka surukinsa ne ya yi masa alheri a ɓoye, ba ya son ƙara masa kunya. In maigidana ya yi mani murmushi sai in ga jira yake in faɗa da kaina. In ya ɗaure fuska sai in ce shi ke nan, ya tono.

Dattawa sun sa zama a Maiyama bayan sallar Juma'a, saura kwana goma sha biyu, Kawu ma zai je. Bello ya ce zai dafa Alƙur'ani, amma duk wanda hannunsa ya taɓa akwatin ya dafa. Aka ambace ni. Maigidana ya ce matarsa ba ta zuwa gaban maza, shi zai rantse a madadin gidansa cewa ba a ƙara komai ba, ba a rage komai ba.

In na faɗa, zai tsaya gaban abokin da ya ci wa mutunci ba tare da hakki ba, Kawu kuma zai san yarinyar da ya riƙe ce ta ruɓar masa da noman shekara, ban san ko aurena zai kai labari ba. In na yi shiru, mijina zai ɗora hannunsa a kan Littafin Allah bisa ƙaryata, ina gida ina dafa masa abincin dawowa. Shi zan fara samu, ko Kawu, ko matar Bello? Da wane baki zan fara?

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?