Sandar Madina a Kogin Shari

Harra ta Gabas, Madina

Zuwa ga Yaya Bakri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da duk mutanen Tungar Sagiru. Mu a nan alhamdulillahi, kasuwa tana tafiya.

Ƙanwarmu Zuliha ta gaya mini gwiwarka ta hagu ta sake tashi, har ka zame a bakin kogi kana jan mamari, igiyar ƙugiyoyinka ta kamun kifi. Na sha ce maka ka bar shiga ruwa ni in riƙe gidan, ka ce ba za ka zauna ƙaninka yana ciyar da kai ba. To tunda ka ƙi, ga abin da zan iya.

Na ba Alhaji Sa'id da ya zo Umra sanda ya kawo maka. Ta alminiyam ce, gaɓa-gaɓa, da igiyar roba a cikinta. In ka sake ta sai ta miƙe da kanta, in ka gama ka naɗe ta ka sa a aljihu. Da hannuna na zaɓe ta. Ka san da faranti a ka na fara tallar carbi a bayan Harami, yau shagona ne tsofaffin alhazai suke nema in ƙafa ta gaza. Sanda kam na san ta. Na yi tsalle na dogara a kan wannan da duk nauyina, ko motsi ba ta yi ba. Kafin in ba da ita na shiga da ita masallacin Manzon Allah, na yi salla tana gefena, na yi maka addu'a. Ka jefar da wannan tsohuwar gorar taka.

Tunda tungarku babu sabis, zan tura hoton takardar nan a wayar Zuliha, ta karanta maka ran kasuwa.

Ƙaninka,
Alhaji Abdulrauf

*

Buso

Zuwa ga Yaya Abdulrauf,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da gajiya, a gaida Munirat da yara. Yaya Babba ya zo cin kasuwa, yana zaune kusa da ni, ga saƙonsa yadda ya faɗa.

Ya ce sanda ta iso, Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama lafiya. Ya ce ranar da ta zo babu wanda bai fito kallo ba, sai da ya miƙe ta ya naɗe ta har hannunsa ya gaji. Malam Abdulmajid, abokin kamun kifinsa, ya ce a ba shi ya taɓa, ya ce masa sai ya yi alwala. Gorar kuwa ya ba matarsa ta tokare rumfa da ita.

Ya ce ruwa ya fara ja baya. Da mashigi ya sauko zuwa ƙirji zai tsallaka zuwa tsibiri da ƙafa ya kafa mamarinsa kamar kowace shekara. Bana mutane sun so su hana shi saboda gwiwar, ya ce musu wanda ke riƙe da sandar Madina ba a hana shi ruwa.

Saƙonsa ya ƙare, wannan nawa ne. Yaya, ka taɓa sa ta a ruwa? Na ga ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma ka san ƙasan Shari ba daɓen masallaci ba ne. Tambaya kawai na yi.

Ƙanwarka,
Zuliha

*

Harra ta Gabas, Madina

Zuliha,

Salamu alaiki. Na ga tambayarki. Ke da ko bakin Buso ba ki taɓa wucewa ba, ke za ki koya mini kayan shagona? Na sayar wa mutumin da ya ninka Yaya ƙiba, ya yi zirga-zirga da ita tsakanin masauki da Harami har ya koma ƙasarsu, bai dawo da ƙara ba. Rashin nauyin ai shi ne tsadarta. Ki bar sa wa tsoho shakka a zuciya. Halas, magana ta ƙare.

Ki gaida maigidanki.

Yayanki,
Alhaji Abdulrauf

*

Jurf, Madina

Zuliha,

Salamu alaiki. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada ki karanta wa Yaya.

Jiya an yi ruwa a Madina irin wanda ba a saba gani ba. Na tafi Jurf duba ɗakin ajiyar kayana. Hanyar da ke gangarawa kwari ta cika da laka, mota ba ta shiga, sai na sauka na ɗauki irin sandar nan guda da nake ajiyewa a mota. Ruwan bai wuce ƙwauri ba.

In na danna ta ƙasa tana riƙe ni daram. Da na zo ɗaga ta, sai bakinta ya maƙale a laka. Na ja, sai gaɓoɓin suka rabu, robar ta miƙe, abin da ke hannuna ya zama kamar igiya. Na riga na ɗaga ƙafa. Na faɗi da gwiwa da hannu, har ruwa ya shiga mini baki. Wani direba ne ya kama ni ya tsayar. Na ɗauko sabuwa a kwali na sake gwadawa, ita ma haka.

Ki karɓe ta daga hannunsa kafin ya tsallaka. Ki ce masa na sami wadda ta fi ta kyau, ina so in canza masa. Ba sai kin kawo maganar faɗuwata ba, kuma ba sai mutanen tunga sun ji ba.

Ki ba ni amsa da wuri.

Abdulrauf

*

Buso

Yaya Abdulrauf,

Wa alaikas salam. Sannu, Allah ya kiyaye gaba.

Na shiga kwale-kwale na je tunga da kaina. Na gaya masa yadda ka ce. Ya yi dariya, ya ce ka riƙe sabuwar ka sayar, wannan ta ishe shi. Na matsa, sai ya ɓata rai, ya ce abin da ya shiga masallacin Annabi aka aiko masa ba ya mayarwa kamar kayan aro. Ya tambaye ni: "Abdulrauf ya ce tana da aibi?" Kai kuwa ka hana ni faɗa. Ya ce to shi ke nan.

Na gwada ɗaukewa yana salla, ashe a aljihun rigarsa take kwana.

Yaya, ruwan ya sauko. Matasa sun fara tsallakawa, sun ce a tsakiya laka tana kama ƙafa har idon sawu, kuma ruwan yana da ja. Shi ya ce bayan Juma'ar nan zai shiga. Ko na gaya masa gaskiya yanzu zai ce kishin tsaraba nake yi, ni ba a aiko mini ba. Maganarka kaɗai zai ji, da sunanka a ƙasa. Kwale-kwalen ƙarshe kafin Juma'a yana tashi Alhamis da hantsi. In takardarka ba ta zo ba, ban san abin da zan je in ce masa ba.

Zuliha

*

Harra ta Gabas, Madina

Zuwa ga Yaya Bakri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina neman alfarma ka saurara har ƙarshe. Zuliha, ki karanta wannan a bakin ruwa, a gaban Malam Abdulmajid da duk wanda yake wurin. In kin karanta masa a ɗaki zai naɗe maganar ya shiga ruwa, na san yayana.

Yaya, sandar da na aiko maka ba ta kogi ba ce. An yi ta ne don tsoho mai tafiya a kan daɓe. A laka bakinta yana maƙalewa, in ka ja sai ta rabu a hannunka daidai lokacin da ka ɗaga ƙafa. Ni ta kayar da ni a ruwan da bai kai gwiwa ba. Kai ruwanka ƙirji ne, da ja, da ƙafa ɗaya mai ciwo.

Na ce maka na san sanda. Ta masallaci na sani. Ta ruwa ban sani ba, kuma da Zuliha ta tambaye ni sai na yi mata tsawa. Maganar canji ma ni na sa ta faɗa, don kada a ce Alhajin Madina ya aiko da abin banza.

Shigarta masallaci gaskiya ne, addu'ar ma gaskiya ce. Amma ba su za su hana robar miƙewa ba. In ba ka yarda ba, ka soka ta a lakar bakin gaɓa inda kake tsaye, ka ja. Don girman Allah kada ka gwada ta a tsakiya.

Duk wanda zai yi dariya ya yi da ni, ni na zaɓa.

Ƙaninka,
Abdulrauf

*

Buso

Yaya Abdulrauf,

Wa alaikas salam. Na karanta a bakin ruwa, mutane cike. Ya soka ta a laka ya ja, ta rabu. An yi dariya, kuma da shi aka yi, ba da kai ba, don kai ba ka wurin. Ya naɗe ta da lakarta ya koma gida.

Bai tsallaka ba. Malam Abdulmajid ne ya kafa masa mamarin.

Yana nan lafiya, yana cin abinci. Ya ce kada a ambaci sunanka a gabansa. Kada ka rubuto masa sai na ce maka.

Ƙanwarka,
Zuliha