Jandarma Ya Daina Gudu

Daga Garwa, unguwar Yelwa

Zuwa ga Lauratu, sanyin idona, inuwar dalbejiyata a tsakiyar zafin Garwa, ruwan farko mai tada ƙamshin ƙasa, randar da ban taɓa leƙawa na tarar babu ruwa ba!

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji uku makarantar lekol ta sallame ni, kuma ba da tafi ba. Ina fata Mairamu da jaririnta suna lafiya, sanyin Meiganga kuma bai ƙara wa gwiwarki ciwo ba.

Roger direba ya same ni a shago da saƙonki. Wai arba'in ta wuce amma za ki zauna can wurin 'yarki, tunda gwiwa ta hana ki tafiya, ba kya so ki zama mini kaya, in nemi mai sauri ya riƙa raka ni yawon safen da likita ya ɗora mini. Kaya? Ke? Na sa shi ya maimaita, sannan na ba shi goro, don ba laifinsa ba ne.

To, bari in ba ki labarin mai saurin da nake da shi.

Jandarma ya tsufa, Lauratu. Karen nan da kika karɓo wurin Madam Simone ta asibiti, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ɓarayi suka hana unguwa barci. Kin tuna rigimar da na yi? Ni Ɗanmalam, jikan masu allo, da kare a ƙofar gida! Kika ce ai ba a ɗaki zai kwana ba, kuma ƙasa da ruwan wanke hannu ba su ƙare a Garwa ba. Da hawan jini ya kayar da ni, ƙafar hagu ta yi mini tawaye, ke kika damƙa mini igiyarsa kika tasa mu gaba zuwa bakin Binuwai. Shi yana jan mu kamar an ce masa ana rabon nama a gada, ke kina gefena, ya tauraruwata, kullum da dalilin tsayawa. Yau takalmi ya cire, gobe kina kallon dorina, jibi kina gaisawa da masu wanki. Ni kuwa, bawan Allah, har tsiya nake yi miki wai mata ba su iya tafiya ba.

Yanzu bakinsa ya yi furfura kamar gemuna, ƙafafun baya na rawa. Da mun wuce masu shayi sai ya tsaya, ya ɗago idon nan da ya yi hazo ya dube ni kamar mai neman gafara. Ran nan sai na ga kaina a durƙushe ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi, don kada ya gane jiransa nake yi. A durƙushen nan na gane ki. Wayyo Lauratu! Ashe takalminki bai taɓa cirewa ba? Wace irin mace ce za ta rage tafiyarta saboda gurgu, kuma ta bar masa girman kansa ya tafi da shi gida? Na gode, zumar bakina. Da godiya ruwa ce, da Binuwai ta shanye gada tun ranar.

Makon jiya ya kwanta a gindin gada ya ƙi tashi. Théodore likitan dabbobi ya ce allura ɗaya za ta hutar da shi. Na ce in haka ake yi wa masu jan ƙafa, da ni tuni an cinye sadakata. Na ari pus-pus, amalanken turawa, wurin 'yan dako, na shimfiɗa buhu, na ɗora shi, na turo shi har gida. Yana zaune kamar babban jami'i a rangadi, ni ina baya ina gumi. Masu shayi suka miƙe suna sara masa, wani ya tambaya da Fulatanci ko ƙarin girma aka yi masa. Liman ya gan mu ya kau da kai, amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Yanzu haka muke yi, zuwa da ƙafarsa, dawowa da tawa. Madam Simone ta auna ni ta ce jinin bai taɓa sauka haka ba, in ci gaba da duk abin da nake yi.

Kin ga ke nan ba sauri nake nema ba. Ina zan kai sauri? Ki dawo, farin watana, gidan nan ba ke ya zama kamar kasuwa bayan an tashi. Inda kika tsaya nan zan tsaya, na koyi aikin. In gwiwa ta ƙi sam, pus-pus ɗin yana da faɗi, ko da yake na san za ki fasa mini kai da ludayi kafin ki hau.

Ba na jin Jandarma zai ga wata damina. Kullum muka iso yana tsayawa a bakin zaure, inda kika yi masa iyaka, yana kallon ɗakinki. Kada ki bar ni in yi masa bayani, ban san me zan ce ba.

Roger zai taso daga can ranar Laraba. Na roƙe shi kujerar gaba, inda za ki miƙe ƙafa.

Naki, da ƙafa mai ja da mai lafiyar, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa,

Ɗanmalam