Farcen Yaya Dogo

Zuwa ga babbar yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Anti, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin asibiti da tsayuwarsa. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa albarka a abin da kika je nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har ta koma kan keken ɗinki, Baba ma yana fita shago kullum. Ni ce dai ban koma makaranta ba, Baba ya ce sai an samu mai zama da Yaya Dogo.

A kan Yaya Dogon na rubuto. Wata bakwai ke nan da tafiyarki, kuma tun ranar ni nake haɗa masa ruwan wanka, ni nake fifita masa shayi har ya huce. In yaran layi sun fara tsokanarsa, ni nake fita in ce musu shekararsa ashirin da huɗu, ya girme su, tunaninsa ne kawai Allah ya bari irin na yaro. Amma hular nan shuɗiya da kika aiko, babu wanda bai nuna wa ba, daga mai gyaran keke har mai kawo ruwa, yana cewa Antinsa ce ta saya. Ni da na wanke hular sau huɗu, ko sau ɗaya bai ambace ni ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ki yafe min, amma a kan hular nan sai da na ji haushinki.

Babbar damuwar ita ce farcensa. Tunda kika tafi bai yarda kowa ya yanke masa ba, sai dai wanda ya karye da kansa. Da ya ga abin yankan farce sai ya cusa hannuwa a hammata ya ce sai Anti ta dawo. Makon jiya ya yagi kumatunsa wajen susa, kusa da ido. Mama ta ce a kira ki a tambayi dabararki, na ce a bari, zan iya. Gaskiya ba na son a ce ko wannan ma sai ke.

Sai na ɗauko tsohon mayafinki mai ruwan ƙasa na yafa, na zaunar da shi kan kujerar nan ta bakin taga inda kuke zama. Ya dube ni ya yi ta dariya har da buga cinya, ya ce Auta ta yi sata. Ya zare mayafin daga kaina, ya ninke shi da kyau, ya kai ƙarƙashin matashinsa. Zuciya ta ɗebe ni, na fizgo hannunsa na yanke na babban yatsa da sauri, ashe na haɗa da nama. Jini ya fito. Bai yi ihu ba, Anti, kallona kawai ya yi. Yau kwana biyar, ko kofi na miƙa masa sai na ajiye a ƙasa sannan ya ɗauka.

An ce matambayi ba ya ɓata, to ga ni na sauko. Don Allah me kike yi masa? Da wane yatsa kike farawa? Na sha ganin bakinki yana motsi kusa da kunnensa, amma lokacin ban damu in ji ba. Ki rubuto min duka, kada ki rage komai.

Ki gaishe min da Kawu da Goggo da 'yan biyunsu. Mama da Baba suna gaishe ki, Yaya Dogo kuwa kin san ba sai na faɗa ba. Roƙona ɗaya, kada ki yi bayanin nan ta wayar Mama, domin da ya ji muryarki yake zuwa ya manna kunne. Ki sa a takarda da sunana a baya. Ina so in ya miƙo min hannun, ya ɗauka ni ce na iya.

Taki ƙanwa,
Auta