Ragowar Kindirmon Inna

Wara

Zuwa ga Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya.

Yaya, na yi ɓarna. A wani littafi na karanta yadda wata amarya ta tarbi mijinta da lassi, abin shan Indiyawa: kindirmo da mangwaro da sukari da ƙanƙara, a burga har ya yi kumfa. Ranar da maigidana, ƙanenki, zai dawo daga kamun kifi, na ce nima sai na yi. Inna ta tafi barka, na ɗauko ƙwaryar kindirmonta na juye duka, har irin, wato ɗan ragowar da take bari tana zuba sabuwar madara a kai. Na wanke ƙwaryar tas da sabulu, wai na kyauta.

Shi kuwa kurɓa ɗaya ya yi, ya ce, "Yasira, wannan zaƙi fa? Ba fura?" Haushi ya sa na zubar da sauran a bayan ɗaki.

Tun da Inna ta shinshina ƙwaryar nan ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma sa madara ba. An ce ta ɗibar miki irin kindirmon nan lokacin aurenki. Don Allah ki aiko da ko cokali ne.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Yasira

Shanga

Yasira 'yar littafi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Da na ga takarda maimakon waya na san ke ce.

Da farko na yi dariya, daga baya na kasa. Nawa ya mutu tun kwanciyata asibiti haihuwar Salma, Inna ta sani. Ashe ba wanda ya gaya miki tarihinsa? Irin nan kakarmu ta fito da shi daga tsibirinmu, a kan cinyarta cikin jirgi, shekarar da ruwan Kainji ya cinye garin. Gida da kaburbura duk suna ƙarƙashin ruwa. Shi kaɗai ya haye, kuma Inna ba ta taɓa bari ya yanke ba.

Kada ki sayo wani ki ce daga wurina ne, harshenta zai gane. Ki je ki durƙusa kawai.

A gaida Inna da ƙanena.
Yayarki, Balaraba

Wara

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na durƙusa. Ta ce in tashi, ai ban sani ba. Ta daɗe tana shafa ƙwaryar, sannan ta ce, "Tun da cikin ɗana ya tafi, ba komai. Ya dai shanye duka ko?"

Yaya, na ce mata eh.

Allah Ya bar zumunci.
Yasira